Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama Kan Nisan Zariya Da Jirgin Fasinja

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya dafa maka a kan nauyin da aka ɗora maka, na rubuto wannan wasiƙa ne daga Zariya a kan wani lamari da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, wato yadda mutumin wannan gari yake kai wa ga jirgin sama, da kuma ainihin lokacin da tafiyarsa take ci tun daga ƙofar gidansa har zuwa inda ya nufa. Na zaɓi in faɗi maganar a bainar jama'a domin ta shafi dubban mutane, malaman makaranta da likitoci da 'yan kasuwa da sojoji da masu jinya, waɗanda kowannensu ya san wannan wahala amma ya ɗauke ta tamkar ƙaddarar da babu mai iya taɓa ta.

Idan mutum ya sayi tikiti daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, abin da zai gani a rubuce shi ne tafiyar kimanin awa ɗaya, domin tazarar da ke tsakanin filayen biyu ta sama ba ta wuce kilomita 360 da 'yan kai ba. Daga Kaduna zuwa Legas kuwa tazarar ta kai kilomita 630, jirgi kan cinye ta a awa ɗaya da 'yan mintuna. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, amma gaskiyarsu ta tsaya a kan wanda gidansa ke kusa da filin jirgi. Bazazzagi yana da wani lissafin na daban wanda ba a rubuta shi a kan tikiti, kuma shi nake roƙon ka duba.

A ɗauki malamin Jami'ar Ahmadu Bello da ke da taro a Abuja. Idan ya zaɓi bi ta Kano, sai ya fara yin tafiyar kimanin kilomita 150 zuwa arewa a mota, ya wuce Tashar Yari da Kwanar Ɗangora da Ciromawa da Kura, ya kutsa cunkoson Na'ibawa, ya ratsa birni kafin ya isa filin jirgi, abin da ba ya kasa awa biyu ko da hanya ta yi kyau. Dole ne kuma ya isa aƙalla awa guda kafin lokacin tashi saboda tantance tikiti da awon kaya da binciken jami'an tsaro. Sai awa ɗayan da ke kan tikiti, inda jirgin zai juyo da shi kudu ya bi ta gabashin garin da ya baro da asuba. In ya sauka, ga jiran jaka, ga kilomita 40 daga filin jirgin Abuja zuwa tsakiyar birni ta hanyar Lugbe. Jimilla awa biyar zuwa shida, idan komai ya tafi daidai ke nan, alhali abokin aikinsa da ya shiga mota a Kwangila ya miƙe ta Kaduna zai yi kilomita 260 ko ɗan fiye da haka, kuma a ranar da hanya ba ta cushe ba zai riga shi isa, da kuɗin da bai kai rabin nasa ba. Ga Abuja ke nan, inda mota take iya maye gurbin jirgi. Matsalar ta fi tsanani a kan Legas da Fatakwal da sauran garuruwan kudu, domin daga Zariya zuwa Legas ta ƙasa ya haura kilomita 800, tafiyar yini sur ko kwana a cikin doguwar mota, kuma dattijo ko maras lafiya ko wanda aiki ya ɗaure ba zai iya ta ba.

Na taɓa raka wata gwaggona da likitoci suka tura Legas domin wani aiki da ba a samu damar yi mata a nan ba. Mun yi sallar asuba a gida, muka ɗauki shatar mota, aka naɗe kekenta na guragu aka cusa a bayan mota tare da jakar magungunanta, aka jingina mata filo biyu saboda bayanta ba ya jure zaman mota. Mun wuce Kwanar Ɗangora ke nan saƙo ya shigo waya cewa an ɗaga tashin jirgin daga hantsi zuwa bayan la'asar, ba tare da an faɗi dalili ba. Komawa gida ba ta yiwuwa, sai muka ƙarasa, ta wuni a kan kujerar ƙarfe ta ɗakin jira, ƙafafunta suka kumbura har ta cire takalmi, lokacin shan maganinta ya zo ya wuce ba ta ci abin kirki ba. Ba mu tashi ba sai bayan magariba. Da ranar ganin likitanta ba washegari ba ce, da wahalar ta tashi a banza. Da a ce a Kano muke zaune, da mun koma gida ta kwanta har lokaci ya yi. Jinkirin da yake ɓata wa mazaunin Kano ko Kaduna rai kawai, mutumin Zariya yininsa gaba ɗaya yake cinyewa, wani lokacin har da kuɗin masauki da na shata biyu.

Abin da ya sa wannan hali ya fi yi mana ciwo, ranka ya daɗe, shi ne Zariya ba baƙuwar jirgin sama ba ce. A nan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Nijeriya take, wadda aka kafa tun 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage umarni daga hasumiya da yawa waɗanda suka riƙe sararin samaniyar ƙasar nan a nan suka koyi aikinsu, har da 'yan wasu ƙasashen Afirka. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, a nan ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Duk wanda ya tashi a Palladan ko Hanwa ko Zango ko Samaru ya girma da ƙarar ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi da safe, suna sauka suna sake tashi, har yara kan tsaya a bakin hanyar makaranta su ɗaga kai suna ɗaga musu hannu. Garin da ya shafe sama da shekara sittin yana yaye masu tuƙa jirage ba shi da jirgin fasinja ko ɗaya da ke sauka bisa jadawali, kuma na tabbata akwai waɗanda suka tsufa a gefen shingen wannan fili ba su taɓa taka cikin jirgi ba.

Ba na roƙon a gina mana katafaren filin jirgi na ƙasa da ƙasa, kuma ina fatan duk ɗan Zazzau mai kishin garinsa zai guji wannan roƙo. Mun ga yadda jihohi da dama suka zuba biliyoyin naira suka gina filaye masu kyawun gani, aka yi bikin buɗewa, daga nan sai shiru, ba a ganin motsi sosai sai lokacin jigilar alhazai ko ranar da wani babba ya zo da jirgin shata. Sanannen abu ne cewa Legas da Abuja su ke ɗauke da mafi yawan fasinjojin ƙasar nan, kuma filaye ƙalilan ne ke iya riƙe kansu da kuɗin shigarsu. Ƙara wani a kan jerin waɗanda ake ciyarwa ba taimakon Zariya ba ne.

Haka kuma na san dalilin da ya sa babu kamfanin da zai ɗora babban jirgi a kan gajeriyar hanya, kuma ya kamata mu mutanen gari mu fahimci wannan kafin mu yi ƙorafi. Daga filin Zariya zuwa na Kaduna ta sama kilomita 60 ne da ɗoriya, zuwa na Kano kuwa bai kai 140 ba. Jirgi irin Boeing 737 yana gudun sama da kilomita 800 a awa idan ya kai ƙololuwar hawansa, to amma a irin wannan tazara kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Wajen tashi da hawa ne jirgi ya fi shan mai, kuma kowace sauka tana da kuɗinta: harajin fili, cin taya da birki, da lissafin da injiniyoyi ke yi wa inji, domin yawan tashi da sauka na cikin abin da ake duba wa wajen kai shi gyara. Mintunan da ake ɓatawa a ƙasa wajen gangarawa zuwa titin tashi da jiran izinin hasumiya ba sa raguwa don tafiya gajeriya ce. Shi ya sa rabin tazara ba ta zama rabin lokaci, ba ta kuma zama rabin kuɗi. Ban da haka, titin jirgin Zariya bai kai kilomita biyu ba, alhali na Kaduna kilomita uku ne, na Kano ma ya ɗara haka. Garin kuma yana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, ga zafin bazara, kuma duk matuƙi ya san iska mai zafi a kan tudu ba ta da kauri, jirgi ya fi buƙatar dogon titi kafin ya ɗaga.

To amma ba duk jirgin fasinja ne Boeing ba. Akwai jirage masu farfela irin ATR, masu ɗaukar mutum 50 zuwa 70, waɗanda aka ƙera musamman domin gajerun hanyoyi da gajerun titina, suna gudun kimanin kilomita 500 a awa, man da suke sha kuma bai kai na manyan ba ko kusa. Ana amfani da irinsu a ƙasar nan yanzu haka, kuma tsofaffinmu suna tuna lokacin da kamfanin Nigeria Airways yake haɗa garuruwan arewa da jirgin Fokker mai farfela kafin ya durƙushe a 2003. Daga Zariya zuwa Abuja ta sama kimanin kilomita 240 ne, abin da irin wannan jirgi zai yi a ƙasa da awa ɗaya. Zuwa Legas kimanin kilomita 700 ne, ƙasa da awa biyu. Mutumin Samaru ko Sabon Gari ko Tudun Wada zai isa filin a cikin mintuna, mutumin cikin birni ma ba zai yi awa ba. Tafiyar Legas da yanzu take cin yini za ta koma abin da mutum zai karya kumallo a gidansa ya yi azahar a Ikeja.

Tambayar da kowane kamfani zai yi ita ce ko akwai masu cika kujerun, kuma tambaya ce mai kyau wadda bai kamata a amsa ta da son zuciya ko kishin gari ba. Abin da zan iya cewa shi ne garuruwa kaɗan ne a arewa suka tara cibiyoyin tarayya kamar Zariya. Ga jami'a da harabarta biyu a Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwa na Shika da ake turo masa marasa lafiya daga jihohi da dama, ga cibiyar binciken aikin gona da ta binciken dabbobi da ta fasahar fata da ta sinadarai, ga cibiyar koyar da fasahar sufuri da ke hanyar Basawa, ga Defot na sojan ƙasa inda ake horar da kurata, ga makarantar soja ta yara, ga kwalejin jiragen ita kanta. Kowace daga cikinsu tana da baƙi masu zuwa jarrabawa da taro da bikin yaye ɗalibai, tana kuma da ma'aikata masu zuwa Abuja da Legas a kai a kai. Sannan ga mutanen Funtuwa da Giwa da Maƙarfi da Soba da Ikara, waɗanda Zariya ta fi musu kusa da kowane filin jirgi. Ko waɗannan sun isa su riƙe jirgi ɗaya sau biyu ko uku a mako, wannan abu ne da bincike zai nuna. Saboda haka roƙona na farko shi ne ma'aikatarka ta sa a yi wannan bincike da gaske, a ƙirga mutanen da ke barin Zariya zuwa filayen Kano da Kaduna da Abuja domin hawa jirgi, a tambayi cibiyoyin nan abin da suke kashewa a kan irin wannan tafiya, a kuma auna abin da filin ke buƙata na motocin kashe gobara da shinge da fitilu da na'urar binciken kaya da ɗan ɗakin jiran fasinja. Ba sai an ɗauko masana daga waje ba, domin cibiyar sufuri da kwalejin jiragen da jami'ar duk suna da masu wannan ilimi. In an gama a wallafa sakamakon kowa ya gani. Idan ya nuna abin ba zai ɗore ba, za mu karɓa da hujja a hannu, wanda ya fi alƙawarin da ake yi lokacin zaɓe a manta.

Akwai sharuɗɗa biyu da nake ganin ba a sassauta su. Filin na kwaleji ne, kuma horar da ɗalibai shi ne aikinsa na asali, don haka duk jirgin fasinjan da zai shigo sai a tsara masa lokacin da ba zai tare wa ɗalibai awowin shawaginsu ba, kasancewar da ma suna fama da jiran layi kafin su cika awowin da ake buƙata. Na biyun ya shafi maƙwabta. Gari ya riga ya kewaye filin, kuma mutanen unguwannin da ke gefensa ba su manta da rikicin fili da rusau na shekarun baya ba. Idan har za a ƙara tsawon titi, to a fara zama da masu gidaje da gonaki da masu unguwanni da masarauta, a biya diyya kafin a taɓa bulo ɗaya.

Duk wannan zai ɗauki lokaci, alhali akwai abin da za a iya gyarawa tun yanzu, wato filin jirgin Kaduna. Shi ne mafi kusa da mu: daga Zariya ta Jaji da Birnin Yero da Rigacikun zuwa Kawo kimanin kilomita 80 ne, sai a karya ta Mando a ƙara wasu kilomita 20. Da jiragensa suna da yawa kuma suna tashi a kan lokaci, da rabin kukanmu ya ƙare. Mun ga abin da wannan fili zai iya a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida daga Maris zuwa Afrilu domin gyaran titinsa aka karkato da jirage Kaduna. A 'yan makonnin nan an gyara gini, an ƙara na'urori, an zuba jami'an tsaro a hanya, an tanadi motocin da ke kwasar fasinja zuwa Abuja kyauta. Wannan ya nuna cewa idan gwamnati ta ga dama tana iyawa. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai filin a ranar 26 ga Maris 2022, wanda ya yi sanadin rasuwar wani mai gadi, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna kwana biyu bayan haka, kamfanoni suka janye na wani lokaci, mutanen Zariya da yawa kuma suka koma bi ta Kano duk da ƙarin nisan. Amana idan ta tafi ba ta dawowa da sanarwa kawai. Ina roƙon a tsare shingen filin da hanyar shigarsa tsaro na dindindin, a zauna da kamfanoni a ji abin da zai sa su ƙara jirage, a kuma yi magana da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin direbobi a samar da motar da za ta riƙa tashi daga wuri sananne a Zariya kai tsaye zuwa filin, daidai da lokacin jirage. A yau wanda ba shi da motar kansa sai dai ya ɗauki shata, ko ya sauka a Kawo da jakunkunansa ya nemi wata.

Sai maganar hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kwaso ƙura daga hamadar Cadi, akwai ranakun da mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, balle matuƙi ya hango titi daga sama. Ba wanda zai zargi matuƙin da ya ƙi sauka a inda ba ya gani, rai ya fi komai. Amma hazo ba baƙo ba ne, kowace shekara yana zuwa a lokacinsa, kuma akwai na'urorin da ke jagorantar jirgi ya sauka ko da gani ya ragu, matuƙar ana kula da su, ana gwada su a kan lokaci, wuta ba ta ɗaukewa, jiragen da matuƙansu kuma suna da shaidar amfani da su. Ya dace kafin kowane hunturu hukumar kula da sararin samaniya ta fito ta faɗa wa jama'a halin da waɗannan na'urori suke ciki a Kano da Kaduna. Hukumar hasashen yanayi kuma tana sanar da zuwan ƙura tun kafin ta iso, don haka babu dalilin da kamfani zai bar fasinja ya baro Zariya da asuba alhali tun dare an san da wuya jirgi ya tashi.

Dokokin hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama sun tanadi haƙƙin fasinja idan an yi jinkiri: a faɗa masa dalili, a ba shi abin taɓawa idan jira ya yi tsawo, a mayar masa da kuɗinsa idan ya wuce ƙa'ida, a kuma ba shi masauki idan dare ya yi. Mafi yawan mutanenmu ba su san da wannan ba, saboda ba a taɓa faɗa musu da harshen da suke ji ba. A rubuta waɗannan haƙƙoƙi da Hausa a manna a ɗakunan jira na Kano da Kaduna, a karanta su a gidajen rediyo. A kuma riƙa wallafa wa jama'a, hanya bayan hanya, sau nawa jirgin kowane kamfani ya tashi a kan lokaci da matsakaicin jinkirinsa, domin wanda zai yi tafiyar awa biyu kafin ya ga filin jirgi ya san wanda zai ba kuɗinsa.

Na san layin dogo ba a hannunka yake ba, amma kuna zama majalisa ɗaya da Ministan Sufuri. Zariya tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa ce tun zamanin Turawa, daga nan layi ya rabu zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, kuma Sabon Gari a kan tashar jirgi ya ginu. Sabon layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Zariya zai bi, ya haɗe da na Abuja zuwa tashar Rigasa da ke Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a 2016. A ganina wannan layi shi ne amsar gaskiya ga tafiyar Zariya zuwa Kaduna da Kano, wataƙila har da Abuja, inda jirgin sama ba zai taɓa yin araha ba. Abin da ya rage wa ma'aikatarka shi ne ta tabbatar tun yanzu an tsara yadda fasinja zai fita daga tashar jirgin ƙasa ya isa filin jirgin sama a Kaduna da Kano ba tare da ya yi ciniki da direbobi uku ba.

Ranka ya daɗe, kwalejin Zariya tana ƙarƙashin ma'aikatarka, kuma ministoci kan zo bikin yaye ɗalibanta. Ina roƙon idan ka zo, ka ware awa biyu a zauren kwalejin ka zauna da wakilan jami'a da asibitin Shika da 'yan kasuwar Sabon Gari da masarautar Zazzau da masu unguwannin da ke gefen filin, tare da shugabannin FAAN mai kula da filayen jirage da NAMA mai kula da sararin samaniya da NCAA, a tsayar da ranar fara binciken da ranar fitar da sakamakonsa, a kuma sanar da jama'a ranakun biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Naka,
Wani mazaunin Samaru, Zariya